Zare ya cika leda amma naman kaza ya ƙi fitowa

Tambaya: Salam Malam, daga Daura nake. Na ɗebi ƙurar iri daga naman kaza oyista guda ɗaya, na ware ƙwaya ɗaya a faranti na yi iri da dawa, farin zare ya cika ledoji fes amma yau wata biyu ko tsiro babu, jarina duk ya tafi. Wani ya ce in haɗa da na daji mai fitowa da damina wai zai ƙara mai ƙarfi. In gwada?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya mayar da alheri. Zarenka, wato farin zaren da naman kaza ke tsirowa daga jikinsa, gwauro ne. Wanda ya fito daga ƙwaya ɗaya cibiya ɗaya (ma'ajiyar ƙwayoyin gado) gare shi a kowane ɗaki, wato kowace ƙwayar halitta ta zaren, zai ci garin katako ya ƙoshi amma da wuya ya haihu sai ya gamu da wanda ya dace da shi. Oyista kuma ba namiji da mace yake bi ba, wurare biyu ne a ƙwayoyin gadonsa, A da B, dole zare biyun da za a haɗa su samu bambanci a A kuma su samu a B. Shi ya sa in ka haɗa 'ya'yan uwa ɗaya, 1 cikin 4 ne kawai ke dacewa.  In an dace za ka ga ɗan ƙugiya a gaɓoɓin zaren a maikuroskop, na'urar ganin ƙananan abubuwa. Hanya mai sauƙi, tsaga lafiyayyen oyista ka ciri tsokar ciki ka shuka, ita da aurenta ta zo.

Amma maganar na daji, don Allah kar ka kusanta. Kusan kullum sai an turo min wannan a WhatsApp, wallahi abin na ci min rai, mutum bai taɓa leƙa maikuroskop ba ya zauna yana koya wa matasa "haɗin iri" har yana karɓar kuɗi. A da B suna aiki ne tsakanin dangi ɗaya, wanda ba danginsa ba oyista ba zai aure shi ba, to in wani abu ya fito a ledar ba sabon iri ba ne, ko oyistan ne ko na dajin da duk gubarsa, kai kuma ka ɗauka ka kai kasuwa mutane su sa a miya. Wasu na daji na ɗauke da guba amatoksin, tafasa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta, cokalin azurfa da ake cewa yana yin baƙi in akwai guba zancen banza ne. Sai an yi awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, su lafa a ce an warke, alhali hanta na lalacewa. Duk wanda ya ci na daji cikinsa ya juya, a tafi asibiti nan take tare da ragowar abin da ya ci, kar a tsaya ba shi manja ko madara.