Hukuncin Sayen Tsofaffin Kan Sarki Ta Hanyar "Duba Ka Zaɓa"

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni tsohon malamin makaranta ne, ina zaune a Jekadafari cikin Gombe. Tun ina yaro nake tara kan sarki na wasiƙu. Da na yi ritaya sai na samu dillalai a intanet masu jera tsofaffin kan sarki shafi-shafi kamar littafi, kowanne da farashinsa a ƙasa, mutum ya zaɓi wanda yake so ya biya a aiko masa. Akwai kuma wani da ya ce zai aiko mini da littafinsa na kan sarki ta gidan waya, in riƙe shi kwana 10, in cire abin da nake so, in mayar da saura, amma sai na fara tura masa kuɗin ajiya. Shin wannan ciniki ya halatta? Ga shi kuma akwai hotunan mutane da dabbobi a jiki.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Malam, asalin wannan ciniki halal ne. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, kamar yadda ya zo a aya ta 275 cikin Suratul Baƙara. Kan sarki takarda ce mai tsarki, ba najasa ba, tana da ƙima a wurin masu nemanta, kuma tana ɗauke da tarihi. Ingila ce ta fara buga shi a 1840 da kan Sarauniya Biktoriya, kuma Arewacin Najeriya ta yi nata daga 1900 har zuwa haɗewar 1914, da kawunan sarakunan Ingila, inda muka samo sunan ke nan. Wanda aka rubuta sule ɗaya a jikinsa, a sayar da shi dubu 5 yau, babu riba a ciki, domin shi ba kuɗi ba ne, haja ce kamar tsohuwar tasa ko tsohon takobi.

Siga ta farko, wato zaɓa daga hoto, ita ce malamanmu ke kira sayar da abin da ba ya nan bisa siffa. Ibn Abi Zaid ya halatta shi a Risala, kuma Imam Malik a Muwaɗɗa ya yarda a sayi ƙunshin tufafi bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki ba tare da an kwance ba. Hoto mai kyau ya fi rubutacciyar siffa bayyana kaya. Ƙulla ciniki ta na'urorin sadarwa kuwa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na Jidda a 1990. Sai dai hoton fuska kaɗai ba ya isa a wannan haja. Kai ka fi ni sani cewa kuɗin kan sarki yana bayansa da gefensa: ko danƙon asali yana nan, ko haƙoran gefe sun cika, ko takardar ta yi sirara wurin da aka taɓa manna ta, ko hatimin gidan waya na gaske ne. Ka nemi hoton baya, ka tambayi aibi. In kaya ya zo saɓanin yadda aka siffanta, kana da haƙƙin mayarwa. Dillalin da ya ɓoye yagewa ko ya sayar da jabu ya faɗa cikin hadisin Muslim na mai tulin abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa, inda Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi.

Biyan kuɗi kafin kaya su iso a wannan siga ba na ganin laifinsa. Risala ta hana sharɗanta biya a kan kayan da ke nesa, amma ta togace abin da ba a tsoron canjawarsa. Kan sarkin da ya shekara 100 a ajiye ba zai sauya cikin mako uku na hanya ba, matuƙar dillalin ya yarda cewa in ya ɓace kafin ya iso hannunka asararsa ce.

Siga ta biyu ce nake so ka nutsu a kanta, don nan ne mutanen kirki ke zamewa ba su sani ba. Wannan shi ne ciniki bisa zaɓi, wato mai saye ya riƙe haja da damar saye ko fasawa, kuma ya halatta in an yanka wa'adi sananne daidai da abin da ake buƙata don a gwada haja ko a yi shawara. Shehu Halil a Mukhtasar ya ba da misalin kamar wata guda ga gida, kamar kwana 3 ga tufa. Littafi mai ɗauke da kan sarki 200, da sai an duba kowanne da madubin ƙara girma, kwana 10 bai yi masa yawa ba a ganina, tunda masu sana'ar sun saba da haka.

Matsalar tana wurin kuɗin ajiyar. A mazhabarmu ba a sharɗanta biyan kuɗi a cikin kwanakin zaɓi. Dalilin kuwa a fili yake: kuɗin nan da ka tura, ba a san ko mene ne shi ba. In ka saya ya zama farashi, in ka fasa ya zama rance da dillali ya juya ya amfana da shi. Imam Malik ya ƙi wannan kai-kawo tsakanin rance da farashi. Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad sun sauƙaƙa, ba su ga laifin biya a lokacin zaɓi ba. Shi ma dillalin yana da uzuri, mutum ne da zai tura dukiyarsa ga wanda bai taɓa gani ba. Mafita ita ce a ajiye kuɗin a hannun wani amintacce na uku, ko a kafar biya da ke riƙe kuɗi ba ta sakar wa mai kaya sai ciniki ya tabbata. Da haka ya samu natsuwa, illar da aka ji tsoro kuma ta kau. In hakan bai samu ba, ka koma siga ta farko, ta fi tsafta. In ka bi maganar sauran limaman, to a rubuta cewa za a dawo maka da ragowar kuɗinka cif, ban da kuɗin aike da kuka yi yarjejeniya a kai.

Daga ranar da littafin ya shigo gidanka, dukiyar wani ce a hannunka. Malamanmu sun ce abin da ake iya ɓoyewa, in ya salwanta a hannun mai saye cikin kwanakin zaɓi, shi zai biya sai in ya kawo shaidu cewa ba da sakacinsa ba ne. Ban san hajar da ta fi kan sarki sauƙin ɓoyewa ba. Saboda haka in ka bar littafin kan tabarma jika ya yaga shafi, ko laimar watan Agusta ta narkar da danƙo suka manne da juna, kai ne da biya. Ranar da ya iso ka ɗauki hoton kowane shafi ka tura wa mai shi, haka ma ranar mayarwa, kuma ka aika ta hanyar da ake ba da rasit da lambar bibiya.

Akwai wata fitina da ta keɓanta da wannan sana'a. Mutum yana da irin kan sarkin nan a tarinsa, nasa ya rasa haƙori ɗaya, na cikin littafin kuwa lafiyayye, sai zuciya ta ce musanya su, ai iri ɗaya ne, wa zai gane? Wannan cin amana ne, kuma cin dukiyar mutane ne da ɓarna wanda aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta hana, ko mai kayan Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ko yana Kano ko yana Landan. Ka kuma kiyaye wa'adi. In kwanakin suka ƙare littafi yana hannunka ba ka ce komai ba, cinikin ya hau kanka, jinkirin da ake yafewa bai wuce kamar kwana guda ba.

Batun hoto, abin da Malikawa suka haramta shi ne mutum-mutumi mai inuwa na abu mai rai. Zane a kan takarda bai wuce karhanci ba a wurinsu, balle ɗan ƙarami da ke rufe cikin littafi. Kada dai ka rataye su a bango don girmamawa, kuma ka bar duk wanda ke ɗauke da tsiraici ko abin bautar wasu. Ƙunshin da ake sayarwa a rufe ba a san abin da ke ciki ba, ana kwaɗaitar da mutum ko zai dace da mai tsada, shi ma ka bar shi, garari ne, wato cinikin rashin tabbas, da hadisin Abu Huraira ya hana.

Zakka ba ta hau abin da ka tara don sha'awa. In ka saya da niyyar jiran farashi ya tashi, za ka fitar da zakkar shekara guda ranar da ka sayar, in kuɗin ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kan jarin. Tunda kuma da kuɗin fansho kake saye, ka fara sauke cefanen gida da bashin da ke kanka, abin da ya ragu ka sayi kan sarkinka da shi.

Allah ne mafi sani.