Na ninka leburori, kwamfuta ta rage kwanaki, amma gini bai motsa ba

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ni ke kula da ginin wani bene a Ajah, Legas, da manhajar Microsoft Project nake tsara aikin. Maigida ya matsa sai an gama kafin Babbar Sallah, sai na ninka leburori a kowane aiki, jadawalin ya ragu da kusan rabi. Yanzu ga hoton jan mutum-mutumi ya fito a gefen ayyuka da yawa a manhajar, a filin gini kuma ko kusa ba mu kai inda takarda ta ce ba. Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Ɗan'uwa, jan mutum-mutumin shi ne ƙaramar matsalarka. Yana nuna ka ɗora wa mutum ɗaya sa'o'in da suka fi na kalandarsa. Manhajar tana zuwa da awa 8 a rana, 40 a mako, Litinin zuwa Juma'a. Birkilan da ya taso daga Agege ya ratsa gosulo har Ajah ba zai ba ka awa 8 ba. Gyara kalandar, ka cire lokacin sallar Juma'a da hutun Sallah, ka ƙara Asabar in kuna fita, ka bar sarari saboda ruwan Yuni da Yuli.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne ninka leburorin nan. Lissafin manhajar ɗaya ne tak, sa'o'in aiki daidai suke da wa'adi sau yawan ma'aikata. Aikin awa 80, mutum ɗaya kwana 10, mutum biyu kwana 5. A ɗaukar bulo ko haƙa fandesho wannan ya yi, shi ma in wurin zai ɗauke su, domin mutum goma a matattakala ɗaya junansu kawai za su tare. To kankare fa? A kwana 28 ake auna ƙarfinsa. Ko leburori ɗari ka tara su zagaye dekin, siminti bai san da zamansu ba. Amma kusan kullum sai na ga jadawalin da aka datse kwanakin jiran kankare, don wani ya ƙara suna biyu a layin, kwamfuta kuma ta raba masa biyu. Masu koyar da manhaja cikin kwana uku su miƙa maka satifiket, su ke jawo wannan. Sun nuna maka inda ake dannawa, su kansu ba su taɓa tsayawa ƙarƙashin dekin da aka cire wa katako ba. A garin nan da bene mai hawa 21 ya rufta a Ikoyi a 2021, har yanzu akwai mai wasa da kwanakin kankare don ya faranta wa oga?

Jiran kankare ka mayar da shi aiki mai tsayayyen wa'adi, ba tare da ma'aikaci ko ɗaya ba, ka rubuta 28ed a wurin wa'adi don manhajar ta ƙirga kwana 28 har da Asabar da Lahadi. Ranar cire katako kuwa injiniyan da ya zana ginin ke faɗa, ba manhaja ba. Sai ka ɗauki sabon jadawalin ka kai wa maigida tun yau, ka ce masa Sallah za ta zo ta tarar da katako a jikin dekin.