Tambaya da Amsa: Yunit ɗin mitarmu na zurarewa kamar ruwa a rariya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimake ni da shawara, wallahi kuɗin wuta ya ishe ni. Kullum ina bin yara da faɗa kan su kashe ƙwai in sun fita daga ɗaki, na hana kowa barin caja a jikin soket, amma ko sati biyu ba a yi yunit ya ƙare sai an sake sa wani. Muna da firij, AC ɗaya a ɗakin maigida, hitar ruwan wanka, dutsen guga da butar lantarki, sai talabijin da fankoki. Ina matsalar take? Daga ƙanwarki, uwar yara huɗu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na ji kukanki kuma kina ƙoƙari, sai dai jaki kika bari kina ta dukan taiki. Ƙwai da caja ba su ne ke cinye miki yunit ba, duk abin da aikinsa zafafawa ne ko sanyayawa, to shi ne mai babban ciki.

Bari in nuna miki lissafin don daga yau ki riƙa yi da kanki. Yunit 1 shi ne wat 1000 ya yi aiki na awa 1. Kowane kayan wuta in kika juya bayansa ko ƙasansa za ki ga ƴar takarda an rubuta lamba da harafin W, wannan shi ne wat ɗinsa, sai ki ninka da awannin da yake a kunne ki raba da 1000, abin da ya fito shi ne yunit ɗin da ya sha.

Ɗauki ƙwan LED mai wat 9, guda 6 a kunne awa 6, duka-duka wajen kashi ɗaya cikin uku na yunit ne a rana. Cajin waya kuwa ko kullum ake cika ta, a wata ba ta kai yunit 1 ba. Yanzu dubi hita mai wat 2000, in an kunna ta da asuba ta yi ta dafa ruwa awa 2, yunit 4 kenan sun tafi tun kafin yara su fita makaranta, a wata 120. Kin ga bambancin? Kuma hitar nan ko ruwan ya yi zafi in ba a kashe ta ba, da ya ɗan huce za ta sake kamawa, haka za ta wuni tana yi ba wanda ya sani. Ki kunna ta kamar rabin awa kafin wanka, kowa ya yi nasa a jere, a kashe ta daga bango.

Sai AC, kuma a nan sai kin zauna da maigida cikin lalama don ɗakinsa ne. Mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan sama da wat 1000 in kwamfiresa, wato injin da ke samar da sanyin, na aiki, fanka kuwa wajen wat 70 ce, wato ko ta kwana tana juyawa awa 8 yunit ɗaya bai cika ba. Mutane da yawa na sa rimot a 16 wai don ɗaki ya yi saurin sanyi, alhali yawanci ba ya ƙara sauri, kawai hana kwamfiresa hutawa yake. A sa shi a 24 ko 25 a haɗa da fanka, a rufe ƙofa da taga a saki labule da rana, a sa masa lokacin da zai kashe kansa cikin dare, sannan a riƙa zare ragar da ke tace ƙura ana wankewa ko sau ɗaya a wata, in ta toshe injin wahala yake sha kuma ke ce mai biya.

Firij ba ya jan wuta da yawa a lokaci guda amma shi ba dare ba rana. Ki gwada robar ƙofarsa: sa takarda ki rufe, in kika ja ta zare ba tare da ta riƙe ba to sanyi na fita ta nan, a canja robar. Kar a manna shi da bango ko a ajiye shi kusa da murhu, kar a sa abinci da zafinsa, in ƙanƙara ta yi tudu a ciki a kashe a narkar da ita.

Guga a tara a yi ta lokaci ɗaya maimakon kowa ya jona don riga ɗaya. Buta kuma iya ruwan da ake buƙata za a zuba, ba a cika ta don kofi ɗaya ba. Game da ƙwai, in har akwai sauran irin na da masu zare a ciki masu wat 60, su kam ki cire su, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suke sha zafi yake zama ba haske ba.

Abu na ƙarshe da nake so ki yi a satin nan: kashe komai na gidan ki je ki tsaya gaban mita. Akwai ƴar jar fitila da ke ƙiftawa gwargwadon wutar da ake ja, in komai a kashe yake amma tana ta ƙiftawa, ki kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyinku, kar ki taɓa da kanki.

TAMBAYA: Anti akwai wani ɗan akwati da ake talla a intanet wai in ka jona shi a soket yana rage rabin kuɗin wuta, in saya? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Kar ka saya ƙanena, riƙe kuɗinka. Yawanci ba komai a cikinsa sai kafasita (wata ƴar na'ura mai riƙe wuta na ɗan lokaci) da ƴar fitila, kuma mitar gida ainihin wutar da kayanka suka yi aiki da ita take ƙirgawa, akwatin ba zai sa buta ta tafasa ruwa da ƙasa da abin da take buƙata ba. In kuɗin na hannunka ka sayi ƙwayayen LED da su.