Kuɗin fim: gudummawa ne, rance ne, ko jari?

Wa alaikumus salam, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ji daɗin da ka tambaya kafin ka fara bin gidajen dangi. Ka ce kai da abokanka kuna son shirya fim mai dogon zango a kan rayuwar masuntan Argungu, ba ku da uban gida a Kano, kuma abin da ke hannunku bai kai rabin abin da kuke buƙata ba. Kana son sanin ko al'ada ta yarda ka zagaya 'yan'uwa neman gudummawa kamar mai aure, da kuma ko ba cin fuska ba ne ka kawo takarda tsakaninka da jininka. A ƙarshe ka ce mahaifiyarka ta yi tayin sayar da saniyarta.

Saniya dai a bar ta inda take. Mahaifiyarka ƙanwata ce, na san ta, ko zanen jikinta ka nema za ta ba ka, kuma saboda haka ne bai kamata ka karɓa ba. Saniyar nan ita ce asibitinta ranar ciwo, ita ce kayan ɗakin ƙanwarka. Gonar gado ma kada ka bari wani ya ba ka shawarar jinginar da ita, akwai haƙƙin ƙannenka a ciki, kuma ba a gwada sa'a da dukiyar maraya.

Kuɗin da ke shiga hannun mutum daga danginsa ba iri ɗaya ba ne, kuma iyayenmu ba su taɓa cakuɗa su ba. Gudummawa ta lalurar da ke kan kowa ce: aure, suna, rashin lafiya, gobara, ambaliyar da ta cinye shinkafar mutum a fadama. Ana ba ka ne don gobe kai ma za ka bayar. Mai neman riba ba ya cikin wannan layi. Ban taɓa ganin an yi wa mutum gudummawa don zai saro albasa a Aliero ya kai Kudu ba, kuma fim ɗinka, duk da kana kiransa kishin al'adar Kabawa, sana'a ce. In ka karɓi kuɗin mutane da sunan gudummawa, fim ya yi kasuwa, ka sayi mota, bakinsu ba zai yi shiru ba, kuma suna da gaskiya. In kuma ya faɗi, ranar aurenka za ka tarar ka riga ka cinye rabonka.

Rance kuwa ana mayar da shi cif, ko an ci riba ko an faɗi, ba ƙari ba ragi. Shi ya sa bai dace da fim ba, domin babu mai iya rantsuwa cewa kuɗin fim zai dawo a wata kaza. Adashi ma ɗan'uwan rance ne. Ka yi kwasar farko ka zuba a fim, sati mai zuwa uwar adashi tana ƙofar gidanka tana jiran zubi, alhali ko haɗa hoto ba a gama ba. Adashi na mai shago ne da mai albashi, wanda wani abu ke shigo masa a kai a kai.

Abin da kake nema sunansa jari, kuma jari yana da ladubbansa tun zamanin fatake. Attajirin Jega da zai ba yaronsa dukiya ya tafi fatauci ba ya miƙa masa a ɓoye. Ana kiran dattawa biyu, a faɗi nawa ne, a faɗi irin hajar da za a saro, a faɗi rabon kowa a riba. Malaman zaure suna kiransa ƙiradi, kuma fikihun Malikiyya ya tsara shi sarai: rabon riba da kaso ake faɗinsa, rabi ko sulusi ko rubu'i, ba a cewa "za ka riƙa ba ni dubu kaza kowane wata". Ba a raba riba sai uwar kuɗi ta dawo. In an faɗi ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Tun da kai ma za ka zuba naka, lamarin ya koma tarayya, asara tana bin gwargwadon abin da kowa ya sa. Ka samu malamin da ya san babin ciniki ya daidaita muku sharuɗɗan, kada ku tsara da ka.

Batun takarda kuwa, wanda ya ce maka cin fuska ce bai leƙa jakar mahaifiyarka ba. Tana da littafin da ta rubuta wadda ta kawo mata turmin atamfa da wadda ta kawo dubu biyu a bikin yayarka, domin ta san abin da za ta mayar. Uwar adashi tana da nata littafin. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Abin da ke raba zumunci shi ne "ai na ɗauka kyauta ce" da "ai na ɗauka rance ne" bayan shekara biyu, lokacin da babu wanda ya tuna abin da aka faɗa.

Akwai wani ladabi da matasa ke mantawa. Ka faɗa wa kowa ƙarara cewa kuɗinsa fim za a yi da shi, ka faɗi ko akwai waƙa da rawa a ciki. A danginmu akwai waɗanda ba sa son dukiyarsu ta shiga wannan harka, kuma ra'ayinsu ne. Kada ka je wa irinsu gaban mutane har kunya ta sa su bayar. Abin da aka karɓa da kunya ba ya albarka.

To, amma kafin ka buɗe baki ka nemi jarin kowa, sai ka iya amsa tambayar da kowane mai kuɗi zai yi maka: ta wace ƙofa kuɗina zai dawo? A nan ne nake da abin faɗa, domin ka san na yi shekaru ina sayar da kaset a kasuwar Birnin Kebbi kafin in koma shinkafa. A wancan zamani hanyar a fili take. Furodusa ya gama fim, ya buga kwalaye, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, su kwafa, mu saro mu kawo nan, wasu su wuce da shi Kamba har Gaya da Dosso. Kowane kwali kuɗi ne da ake iya ƙirgawa. Kaset ya ba faifan CD wuri, sannan masu tura finafinai a waya suka zo, mutum ya ba da 'yan canji a cika masa memori da fim goma. Daga ranar kallo ya ƙaru, kuɗin da ke komawa ga mai fim ya ragu. Har yau mutanen ƙauyukanmu da na Nijar za su kalli fim ɗinka su yaba, amma yawancinsu ta wannan hanya za su same shi, ko kwabo ba zai iso gare ka ba. Kada ka sa yawan masu yabo a lissafin kuɗi.

Ƙofofin da suka rage kaɗan ne, kowace da sharaɗinta. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12. Bayan nan kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar ne naka, kuma ba a turo maka sai ya kai dala 100. Tallar da aka nuna wa mai kallo a Najeriya ba ta kai darajar wadda aka nuna wa na Ingila ko Amurka ba, don haka kallo dubu ɗari na iya zama abin alfahari a Facebook ya kasa biyan kuɗin man janareta. In kuma ka ɗora kiɗan wani ba da izini ba, mai kiɗan na iya karɓe kuɗin tallar gaba ɗaya. Sabuwar tasha, a taƙaice, za ta yi watanni tana ci ba ta bayarwa. Akwai gidajen talabijin irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, amma su suna da ma'aunin hoto da sauti da suke so, kuma gara ka ji sharuɗɗansu kafin ka kunna kyamara. Ƙofar da na fi ganin ta kusa da kai ita ce ta 'yan kasuwar gida: mai injin casar shinkafa, mai shagon waya, mai makaranta, mai sayar da injin ban ruwa, waɗanda za su biya a nuna hajarsu a cikin shirin. Su ma ba za su biya labarin baki ba, sai sun ga wani abu da idonsu.

Saboda haka lissafinka daga baya zai fara. Manomin rani mai hankali ba ya zuba iri sai ya san farashin buhu a kaka da wanda zai saya, daga nan ya san iya takin da man da gonar za ta iya ɗauka. Ka rubuta mafi ƙarancin abin da kake da tabbacin zai shigo, wanda wani ya yi maka alkawarinsa a rubuce, ba wanda kake fata ba. Wannan adadi shi ne girman fim ɗinka. In miliyan ɗaya ce, to labarin miliyan ɗaya za ka rubuta, mai 'yan wasa kaɗan da wuraren ɗauka kaɗan. Masu faɗuwa su ne masu rubuta labarin miliyan goma sannan su fita neman wanda zai cike.

Wajen kashewa kuwa, hayar kyamara kowa na tunawa da ita. Abin da ke cinye kuɗi a ɓoye shi ne abincin mutum ashirin sau uku a rana, masauki, mai, wanda ka san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a 2023, da kwanakin da aka biya kowa amma ba a ɗauki komai ba saboda hadari ko hazo ko jarumi bai iso ba. Ga na'urar sauti, wadda yaranmu ke rainawa, alhali mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu amma ba ya haƙuri da maganar da ba ya ji, balle a bakin gulbi inda iska ke kaɗawa. Ga haɗa hoto, ga rubutun fassara a ƙasa in kana son waɗanda ba Hausawa ba, ga tallar fim ɗin kansa, ga kuɗin tacewa, domin akwai hukumar tace finafinai ta ƙasa tun 1993, Kano kuma tana da tata tun 2001 in can za ka kai shi. Bayan ka tara duka, ka ware aƙalla ushirinsa ka ajiye gefe don abin da ba ka zata ba. Ladanka na aiki ma ka rubuta shi a fili, kada ka riƙa tsakura daga jari kana cewa ai ni ne mai wahala.

Na san za ka ce sai an ɗauko fitaccen jarumi daga Kano kafin a kalla. Ka lissafa kuɗinsa da motarsa da masaukinsa da halin da hanya ke ciki, sannan ka tambayi kanka ko zai iya jefa homa ko ya hau gora a ruwa kamar yaron da aka haifa a bakin gulbin Matan Fada. Abin da kuke da shi wanda Kano ba ta da shi, shi ne gulbin, da harshen Kabi, da bikin kamun kifi da ake yi tun 1934 wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Shi za ku sayar. Sai dai gulbi yana da masu shi. Ba a shiga Matan Fada da kyamara haka kawai, wuri ne da ake tsare kifinsa don biki. Ka fara da gaisuwa wurin Sarkin Ruwa, a nuna maka hanyar sanar da fadar Sarkin Kabi, ka tafi da babba, ka riƙe goro. Masuntan da za su ba ka jirgi da yininsu kuma a biya su, kada a ce musu ai za ku fito a fim. Wannan ma layi ne a takardar lissafi.

Tsakaninka da abokanka ma a rubuta, musamman abu ɗaya: tashar YouTube ɗin ta wane ce, da imel ɗin wa aka buɗe ta, kuɗin asusun wa zai shiga. Na ga samari a garin nan da suka yi shekara suna aiki tare, ranar da dala ta fara shigowa wanda ke riƙe da lambar sirri ya ce tasharsa ce. Ku yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ku buɗe asusun banki da sunan, mutum biyu su riƙa sa hannu. Ko nan gaba kuka je Bankin Masana'antu, ko bankin da ba ya harka da ruwa irin Jaiz, rajista da tarihin asusu za su fara tambaya. Amma banki ba na yanzu ba ne, kada ka kai kanka.

Ga abin da nake so ka yi. Da kuɗin da ke hannunku ku ɗauki kashi ɗaya tak, ku gama shi tsaf har sauti. Shi za ka ɗauka a waya ka nuna wa masu talla, shi za ka nuna wa dangi. Sannan ka zaɓi mutum uku ko huɗu cikinmu waɗanda in kuɗinsu ya nutse ba za su kwana da yunwa ba, ka ce musu jari kake nema, ana iya samu ana iya rasawa. Sauran dangi ka je ka gaishe su ka nemi addu'a, kada ka ambaci kuɗi.

Ni ina cikin ukun. Ban faɗi nawa ba sai na ga takarda: abin da zai shigo da sunan wanda ya yi alkawarinsa, abin da za a kashe layi-layi, watan da kake sa ran uwar kuɗi ta dawo, da kason kowa. Shafi biyu sun isa, da Hausa, ba sai ka biya wani ya rubuta maka Turanci ba. Ka zo da ita ranar Juma'a bayan an sauko, zan kira baffanka da limamin unguwa su zauna. Mahaifiyarka kuma ka bar ni da ita, ni zan yi mata maganar saniya. Ka gaishe ta, ka gaida ƙannenka.

Kawunka, daga Birnin Kebbi.