Na ba yarona katun ɗin zombi, yanzu ba ya barci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Makka ne, wajen Shara Mansur. Na kalli Train to Busan tun da daɗewa, ya kuma burge ni. Kwanan nan wani abokin aikina ya turo mini Seoul Station, ya ce shi ne na katun ɗinsa. Da na ji katun, sai na miƙa wa yarona ɗan shekara tara wayar, na tafi sallar isha'i. Yau kwana huɗu ke nan ba ya yarda a kashe fitila, ko banɗaki sai an raka shi. Uwarsa ta ɗora mini laifi. Fim ɗin ne ba shi da kyau, ko yaron ne matsoraci? Daga Baban Usman, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baban Usman. Yaronka ba matsoraci ba ne, maiɗakinka kuwa ba ta yi ƙarya ba. Ni da nake cin abinci da zanen katun, da na gama kallon wannan fim sai da na tashi na sha ruwa.

Fim ɗin yana da kyau, amma kyan na manya ne. Darakta ɗaya ne da na Train to Busan, wato Yeon Sang-ho na Koriya ta Kudu, kuma duka biyun a 2016 suka fito. Ƙarfinsa yana a farkonsa. Wani tsoho marar wurin kwana yana tafe jina-jina kusa da tashar jirgin ƙasa ta Seoul. Samari biyu suna tsaye suna hirar cewa ya kamata kowa ya samu magani, ɗayansu ya nufe shi zai taimaka, da ya ji warin jikinsa sai ya ja da baya. A wannan ɗan taƙaitaccen wuri daraktan ya gama faɗin maganarsa. Cutar da ke mayar da mutane zombi, wato gawarwaki masu tashi suna cizon mutane, ta soma ne daga waɗanda ba mai kallonsu, shi ya sa ta ci gari kafin a farga. Hatta 'yan sanda da farko sun ɗauka masu kwana a tasha ne ke tayar da tarzoma. Akwai wani wuri a ramin jirgin ƙarƙashin ƙasa da yarinyar da labarin ke kanta, Hye-sun, ta fashe da kuka tana cewa gida take son komawa, dattijon da ke tare da ita shi ma ya kama nasa kukan, don shi ba shi da gidan da zai koma. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunta zai ji wannan a ƙirjinsa.

Rauninsa kuwa a fili yake. Kuɗi kaɗan aka kashe, kuma zanen ya tona asiri: tafiyar mutanen a sandare take, har wani sa'in sai ka rasa wane ne mai rai, wane ne gawa. Tsakiyar fim ɗin ta yi ja, daga kiran waya sai gudu, daga gudu sai kiran waya. Kukan yarinyar ya yi yawa har ya fara gundura. Wanda kuma ya zo neman asalin cutar da ya gani a Train to Busan zai tashi hannu rabbana.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan kalma taka: "da na ji katun". Kusan kullum sai na ji ta. Mun tashi da tashoshin katun na yara, Spacetoon da MBC3, sai muka yanke wa kanmu hukuncin cewa duk abin da aka zana na yara ne. Wa ya ce? Zane hanya ce ta ba da labari, kamar yadda alƙalami yake rubuta tatsuniya ya kuma rubuta takardar saki. Shi wannan Yeon ɗin, kafin ya taɓa zombi, ya yi katun mai suna The King of Pigs a 2011, kan zaluncin da ɗalibai ke yi wa juna a makaranta, kuma ba uban da zai zaunar da ɗansa gabansa in ya san abin da ke ciki. A Seoul Station, yarinyar nan gudowa ta yi daga gidan karuwai. Saurayinta yana tallata ta a intanet don ya samu kuɗin haya. Mutumin da ke ta nemanta yana cewa shi ubanta ne, a ƙarshe ya bayyana cewa kawalinta ne, abin da ya so yi mata kuwa ba zan rubuta shi a nan ba. Wannan ka miƙa wa ɗan shekara tara ka tafi masallaci. Cizon zombi shi ne ƙaramin abin da ya gani.

Kuma masu tura fina-finai a WhatsApp da Telegram suna da nasu kason. Mutum bai kalla ba, ya ga hoton zane a kai, ya rubuta "na yara" ya watsa wa jama'a. Tun da aka sake buɗe sinima a Saudiyya a 2018, kowane fim da lambarsa ta shekarun mai kallo, kamar R15 ko R18, kuma mai tsaron ƙofa zai dubi yaro ya hana shi shiga. Wayar hannunka ba ta da mai tsaron ƙofa, kai ne. Wasu ma idan na faɗa musu sai su ce ai yaron ba ya jin yaren. Jini yana buƙatar tafinta ne?

Game da Usman, kada a yi masa dariya, kada kuma yayyensa su riƙa tsorata shi da shi. A bar masa ƙaramar fitila, ka zauna kusa da shi ku yi addu'ar kwanciya tare. Da rana ka tambaye shi wane wuri ne ya fi tsaya masa a rai, ka bar shi ya faɗa da bakinsa. Ka ɗauko takarda da fensir ku zana dodon, ka sa masa hula ko gashin baki, ya gani da idonsa cewa hannun mutum ne ya yi shi. Yawanci irin wannan tsoro yana lafawa a hankali. In ya ɗauki makonni, ko ya fara fitsarin kwance, ko ya ƙi zuwa makaranta, ka kai shi wajen likitan yara. Fim ɗin kuma ka goge shi daga wayar tukuna, in ka so ka kalla kai kaɗai bayan sun yi barci.