Sauti ya ɗauke bayan sake ɗora Windows

Ɗan'uwa, ka ce tunda ka sake ɗora Windows 10 sauti ya ɗauke, ga jan kuros a kan alamar sifika. Fara cire iyafis, ka duba ko sautin ya koma HDMI, wato mahaɗar da ke kai hoto da sauti zuwa talabijin ko wani allo. Wannan ya sha ruɗa mutane. In ba nan ba ne, danna Windows da X tare, buɗe Device Manager, inda ake ganin jerin na'urorin kwamfutar. Ka ga alamar motsin rai ruwan ɗorawa a kan na'urar sauti? To, direban sauti, wato manhajar da ke sa na'urar sauti aiki, shi ne babu ko ya samu matsala.

Don Allah kada ka sauke shi daga shafukan da talla ta cika, nan ake kwasar bairos. Kifa kwamfutar, karanta lambar samfurinta, ka nemo direban a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Galibi na Realtek ne. Ka ɗora, ka kashe ka kunna.