Kafin ka cire kudin laftop, zabi aikin da za ka yi tukunna

Tambaya: Salam malam, ina mastas a injiniyancin manhaja, sufabaiza ya ce in zabi tsakanin tabbatar da ingancin tsari da lissafi irin su TLA+ (harshen da ake bayyana aikin tsarin kwamfuta da shi ta hanyar lissafi) ko kuma bincike kan gwajin kod. Kuma laftop dina ta gaji, in sayi ta geming mai GPU (bangaren da ke sarrafa hotuna) ko tokumbo mai RAM da yawa?

Wa alaikumus salam dan uwa. Ta geming din nan ka manta da ita kawai, sai dai in tesis dinka zai tabo horar da modal na AI, don duk ayyukan biyun da ka lissafa ba ruwansu da GPU, RAM suke ci da firosesa, ga ta geming da shan batir kamar me, a inda wuta ke zuwa yadda ta ga dama wahala za ka saya wa kanka. Nemi ThinkPad ko Latitude ta hannu mai 16GB a kalla wadda ake iya kara mata, da SSD, kuma ka duba da kyau don wasu RAM dinsu a like yake jikin bod, ba ya karuwa.

Dalilin RAM din kuwa, TLC wato injin da ke duba abin da ka rubuta da TLA+ yana bin duk wani hali da tsarinka zai iya fadawa daya bayan daya, ka kara kwamfutar saba (server) guda ko sako guda sai adadin ya ninka ya sake ninkawa, nan karamar kwamfuta take durkushewa. Amma fa aikin akwai dadi, injiniyoyin Amazon sun rubuta a 2015 yadda ya kamo musu kuskure a DynamoDB, manhajarsu ta adana bayanai, wanda sai an bi mataki 35 kafin ya fito fili, wane gwaji na yau da kullum zai kai can?

Ni dai in lissafin lojik bai ba ka tsoro ba TLA+ zan ce maka. In kuma so kake ka gama a kan lokaci, dauki gwajin da ake bata kod da gangan a ga ko tes zai gane, manhajar PIT tana yin haka ga kod din Java, ga Defects4J da ya tara kurakurai na gaskiya daga manhajoji irin su Commons Lang, kana da abin aunawa da teburin sakamako da za ka nuna ranar difens. Isabelle da Coq kam, manhajojin rubuta hujjar lissafi cewa kod daidai yake, a mastas ka yi hattara, seL4, wata zuciyar manhajar tafiyar da kwamfuta da aka tabbatar da Isabelle, layin kod na harshen C wajen 8,700 ne amma hujjarsa ta kai kusan layi 200,000, kuma tawaga ce guda ta yi shekaru a kai.

Tambaya daga wata: Akwai kwas na kudi da nake gani a intanet kan TLA+, in biya?

Haba yar uwa, a'a. Leslie Lamport da ya kirkiro abin, wanda ya ci kyautar Turing ta 2013, ya sa littafinsa Specifying Systems da bidiyoyin darasinsa kyauta a shafinsa. Kudin ki sa a data da karin RAM, in ya ragu ki hada da fawa bank mai cajin laftop.